Jan lalle a bakin akwatin kifi

Wankan jego ne ya kai ni Kuala Lumpur. 'Yata ta yi haihuwa ta biyu, mijinta yana karatu a jami'a, babu babba a kusa. Suna zaune a wani dogon bene a Pantai Dalam. A falonsu na iske akwatin gilashi cike da ruwa, da wasu ƙananan kifaye masu ɗigo-ɗigo, cikinsu ya soma ja. Wani abokin surukina ne ya bar masa su da zai koma gida. Firana ake ce musu.

Da farko tausayi ma suka ba ni. Ka gifta, su watse su ɓuya bayan wani guntun itace. Sai ranar da na ga cinsu. Surukina ya jefa jatan lande, ɗaya ya matso ya yaga, kawai ruwan ya hau tafasa. Kafin in gama a'uzubillahi sai ɓawo ke lilo. Da ya shagala bai ba su abinci ba, na wayi gari na ga wani ba wutsiya, wani ba ido. Ƙaraminsu kuwa kansa kaɗai ya rage a ƙasa, baki buɗe.

Jikata, yayar jaririn, ba ta wuce shekara uku ba, kuma ba ta da aiki sai manna fuska a gilashin. Murfin akwatin roba ce, ko kyanwa ta ture shi.

Ni ba na ɓoye magana. A ajin yaƙi da jahilci, da furfurata na ce wa malami bai iya bayani ba. Amma suruki suruki ne. Tun da ya auri 'yata ban taɓa haɗa ido da shi ba. Ya durƙusa daga bakin ƙofa ya gaishe ni, in amsa ina kallon bango. Don haka na bi ta kan 'yata.

"Ki gaya wa maigidanki ya fitar da aljanun nan."

"Umma, na gaya masa. Ya ce matsorata ne, ba sa taɓa mutum."

"Wanda suka cinye fa, maƙiyinsu ne?"

"Ya ce zai sa murfi mai nauyi."

"Yaushe?"

Ta sunkuyar da kai tana gyara wa jariri hula.

Ana gobe suna na ƙunsa wa yarinyar lalle, ya kama jawur. Da safe aka kawo naman rago. Uban ya yanki hanta ƙanana, girman kan yatsa, yana jefa wa kifin, ita tana tafi tana ihu. Na dubi hantar, na dubi yatsunta. Na buɗe baki, na ga ƙeyarsa, na rufe.

Bayan azahar maza suka cika falon suna cin abinci a ƙasa, duk sun ba akwatin baya. Na fito daga kicin da kunun kanwa zan kai wa mai jego. Sai ga jikata a kan kujera, ta ture murfin, ta zura hannu, jajayen yatsun nan suna wasa a saman ruwa. Kifayen sun fito daga bayan itacen. Sun jeru, sun ɗaga kai, ba sa motsi.

Ban san na saki kwanon ba. Na tsallake tire, na taka ƙafar wani malami, na fizgo ta ta wuyan riga. Ruwan ya fantsalo har fuskata. Ta tsala kuka. Na riƙe hannun ina juya shi, ina bin yatsun ɗaya-ɗaya. Duk suna nan.

Na juyo na dubi surukina cikin ido, a gaban abokansa.

"Kai! Tashi."

Ya miƙe tsaye.

"Ka fitar da su. Yanzu, ba an jima ba."

"Umma, ku yi haƙuri, in baƙi sun..."

"Baƙin su kama maka."

Suka kama masa kuwa. Da bokitin wankan jego aka kwashe su, ɗaya ya tsinke ragar kamun da haƙori. Aka kai su wani shagon masu kifi a Sentul.

Washegari ya durƙusa daga bakin ƙofa ya gaishe ni, na amsa ina kallon bango. Yarinyar na kan cinyata. Har lallen ya goge, in ta kai hannu ko cikin kofin ruwa ne, sai in fizge shi.