Furfurar Gefen Hagu

Furfura ta fito mini tun ina da shekara ashirin da huɗu, a gefen hagu, sama da kunne kaɗan, faɗinta kamar yatsu biyu. Lokacin ina koyar da 'yan mata a wata lakwal a Tawa, ba a daɗe da samun mulkin kai ba. Kallabi yana rufe ta, amma ni na san tana nan.

Ba a zuwa lakwal ran Alhamis, don haka ita ce ranar rinina, sau ɗaya a wata. Da maigida ya fita sai in shimfiɗa tabarma a inuwar aduwa, in jingina ɗan madubi a jikin turmi, in tsefe kitson gefen. Gindin gashin kawai ke fari, abin da ya tsiro tun rinin baya. Da tsinke mai auduga a baki nake bin sa da lalle, tsaga bayan tsaga. Lalle kaɗai ja yake mai da shi, sai ya kama in wanke, in bi da shuni da man shanu.

Wata Alhamis bayan kaka, na tsefe ke nan, ban kai ga sa lallen ba, na ji sallamar Innata. Daga Bambeye ta taso tun da asuba, ta kawo mini sabon gero da wake. Ni ce ɗiyarta ta fari, kunya ba ta taɓa barinta ta faɗi sunana ba, kuma tun da aka yaye ni aka kai ni wurin gwaggona, ban tuna ranar da hannunta ya taɓa kaina ba. Na lalubi kallabi, amma ta riga ta gani.

Ta sha ruwa, muka gaisa, ta tambayi maigida da aiki. Idonta dai yana gefen kaina.

"Ke, matso nan," in ji ta. "Kar ki rufe tukuna."

Na matsa. Ta miƙe ƙafafu ta kwantar da kaina a cinyarta, kamar za ta yi mini kitso. Zanenta yana ƙanshin hayaƙi da ƙaiƙayi. Ta daɗe tana buɗa gashin da yatsa. Can ta ce haka furfurar uwarta take, a wannan gefen, da wannan faɗin. Ni ban san kakata ba, ta rasu Inna tana ƙarama.

Ta ci gaba da magana a hankali, kamar ba da ni take ba. Ta ce ta manta fuskar uwarta, ta yi ta nema ta rasa. Abin da ya rage mata farin nan ne kawai, da take hangowa daga baya lokacin da ake goya ta zuwa rijiya. Ta yi zancen igiyar kaba, da jakai, da wata tunkiya mai bin su har bakin rijiyar. Kurciya tana kuka a kan aduwa, inuwar ganye tana yawo a kan idona. Ban san inda barci ya ɗauke ni ba. Na ga hanya mai jan dutse irin na Adar, wata doguwar mace tana tafe a gabana da tulu, ba ta waiwayo ba, ni kuma ban ji ina son ta waiwayo ba.

Sanyin lalle ne ya tashe ni. Inna ta ajiye tsinken gefe, da yatsunta take shafawa. Na ce in tana so a bar shi fari, sai a bari.

"Kanki ne," ta ce. "Ni dai na gani."

Ita ta wanke mini da la'asar, ita ta sa shunin, ta kama mini kitso manya guda huɗu irin na ƙauye, waɗanda 'yan ajina suka yi ta leƙe washegari. Kwana biyu ta yi. Ran Asabar na raka ta har bayan gari, ta hau jaki tare da matan garinsu, yatsunta shuɗi har gaɓa ta biyu.