Gawar da Ta Kakkaɓe Riga

Ni ba maƙaryaci ba ne, amma na yi wa Inna, mahaifiyata, ƙarya ɗaya wadda na riƙe shekara bakwai.

Lokacin ina koyarwa a firamare a Isa. Akwai wani tsohon littafi na labarin wani falke da nakan karanta mata bayan la'asar, tana tsinkar zogale. A littafin, falken ya mutu a hanya. To yayana ma fatauci ya tafi wajen Nijar, bai dawo ba, ba mu kuma ji ɗuriyarsa ba. Shi ya sa duk sanda na zo shafin ƙarshe sai in maido falken gida da jakunansa, har da tsarabar dabino. Na ƙware ƙwarai. Wata shekara har aure na yi masa.

Sai aka kawo talabijin garinmu, aka kafa a dandali da janareto, aka ce ran Asabar za a yi wasan littafin kai tsaye daga Sakkwato.

"Za ni ganin falkena," in ji Inna.

Na ce akwatin na ɓata ido. Na ce sauro. Ta ɗauki tabarmarta ta yi gaba.

Na zauna kusa da ita ina roƙon Allah janareto ya mutu kafin falke. Injin da kullum sai ya shaƙe, ran nan ko tari bai yi ba. Falke ya dafe ƙirji, ya yi salati, ya miƙe a ƙasa. Abokin tafiyarsa ya rufe shi da mayafi. Tsoro ya kama ni sosai, na kasa duban Inna.

Wasan kai tsaye kuwa ba a yanke shi. Mamacin ya zaci an kawar da kyamara daga kansa, sai ya yaye mayafi, ya tashi, ya kakkaɓe riga, ya lalubo takalmansa ya fice. Dandali ya ɓarke da dariya. Ni kuwa na hau gyara zama ina cewa ai haka yake a littafin.

Inna ba ta yi dariya ba. Ta naɗe tabarma, muka kama hanya. Sai da muka kai ƙofar gida ta ce, ba tare da ta waiwayo ba:

"Wanga yaro da yat tashi, ashe shi ma yana da uwa wurin kallo."