Katin Awon da Ke Cikin Jakarta

Duk wanda ya ba ku labarin nan a Jimeta bai faɗe shi daidai ba. Wasu sun ce motsa jiki ne ke zubar da ciki, har mazaje suka hana matansu zuwa wurinmu. Wasu kuma suka ɗora wa baiwar Allahn da abin ya faru da ita laifi, wai ita ta ɓoye cikinta. Duk ba haka ba ne. Ni na san inda abin ya lalace, domin biron a hannuna yake. Shi ya sa na rubuto muku, kuma ba zan kama sunan kowa ba, har da nawa.

Lokacin ban daɗe da gama sakandare ba. Na yi guje-guje a makaranta, ina da ƙarfi, ina da baki, haƙuri kuwa ko na anini babu. Na samu aiki a wani wurin motsa jiki na mata zalla a unguwar Demsawo. Mai wurin, wadda muke kira Madam, Kirista ce daga kudancin jihar nan, ta daɗe tana aikin jinya kafin ta buɗe shi. Aji biyu muke da su. Akwai na masu rage ƙiba, ni ke jansa da kiɗa da ihu. Akwai na masu juna biyu, Madam ke yin sa da kanta, miƙe-miƙe da numfashi da tafiya a hankali. Dokarta ita ce duk sabuwar zuwa sai an zaunar da ita an cika takardar tambayoyi, an auna jininta. In mai ciki ce, sai ta kawo katin awo Madam ta karanta abin da asibiti suka rubuta kafin ta taka tabarma. Ni ɓata lokaci na ɗauki wannan. Nakan ce mata mu fa ba asibiti ba ne, ita kuma ta ce da da baki ake auna jini, da tuni na zama babbar likita.

Wata Asabar da safe Madam ta tafi ƙauyensu jana'iza, za ta yi sati biyu. Ɗaki ya cika, mata na jirana, sai ga mata biyu daga cikin garin Yola. Babbar na san ta, 'yar ajina ce, mai fara'a da surutu, kowa Adda yake ce mata, wato yaya. Ƙaramar matar ƙanenta ce, malamar firamare, aurenta bai shekara ba, tana cikin ƙaton hijabi. Adda ta ce ga amaryarsu ta kawo mini, sati guda tana naci sai an kawo ta, kuma gara haka don tun da ta shigo gidan take cinye musu shinkafa, ga kumatu nan sun shaida. Aka yi dariya. A tsaye na yi tambayoyin, a bakin tebur, kiɗa na tashi, Adda na tsaye a kanta. Ciwon asma, ta ce babu. Ciwon zuciya, babu. Da na zo kan ciki, da ƙarfi na tambaya don ta ji ni. Sai amaryar ta sunkuyar da kai tana murza bakin hijabinta. Adda ta ce haba, ai da akwai ita za ta fara ji. Na ja layi a kan a'a.

A nan ne ba ni da mafaka. A garin nan aka haife ni. Na san cikin fari ba a faɗarsa, balle a gaban dangin miji. Yayata ma sai da cikinta ya turo zani sannan muka sani, kuma har yau ba ta kiran sunan ɗan farinta. Na san ma'anar wannan sunkuyar da kai sarai, sauri ne kawai ya hana ni tsayawa. Amaryar ta matso ta ce a hankali ko zan raka ta ta ga wurin canza kaya, na nuna mata ƙofar da baki. Ta sake tambaya yaushe Madam za ta dawo, na ce duk abin da Madam ta sani ni ma na sani. Awon jini kuwa sai ta cire hijabi ta zauna ta huta tukuna, ni kuma ba ni da wannan lokacin. Sai na rubuta lambar da na saba gani a takardun masu lafiya. Ban taɓa hannunta ba.

Haka ta shiga ajina, tabarmarta kusa da ta Adda kullum. Tana baya-baya, ba ta tsalle sosai, ni kuma ina yi mata tsiya. Na ce amarya ko tuwon jiya ne ya riƙe mata ƙafa, na ce tsofaffin da suka haife ta sun fi ta kuzari. Murmushi kawai take yi. Zuwanta na biyar aka ɗauke wuta, janareta ya ƙi tashi, kun dai san zafin Yola. Na ce ba fashi. Muka yi tsallen igiya, sannan na raba ƙarafan ɗagawa. Sai ta zauna ta dafe ƙugu ta ce bayanta na ciwo. Na ce saura goma, ta tashi kada ta ba Adda kunya. Kuma ta tashi. A na huɗu ta durƙushe, da na je ɗaga ta sai na ga jini a tabarma.

Adda ta kasa jan motarta, sai Keke Napep muka tare. Kan amaryar na kan cinyata, jikinta sanyi ƙalau cikin wannan zafin, tana ta salati ƙasa-ƙasa. A asibiti nas ta tambaye ni wata nawa ne cikin. Na ce babu ciki, ni na cika takardarta. Kallon da matar nan ta yi mini har yau ina jin sa. Ta ce in buɗe jakar amaryar in duba. Ban ma laluba ba. Katin awo ne a sama, cikin leda, da wata takarda a ninke. Wata huɗu. An rubuta jininta ya ɗan hau, ta taɓa ganin ɗigon jini, an yarda ta yi tafiya da miƙe-miƙe marasa nauyi a hannun wanda ya sani, ban da tsalle, ban da ɗaukar nauyi. Ashe ajin Madam ta zo nema. Kullum da katin take zuwa, tana jiran minti ɗaya da za ta same ni ni kaɗai, ni kuma na hana ta.

Muka zauna a baranda har bayan la'asar. Mijin ya zo, mahaifiyarta ta zo. Adda na kuka tana cewa ita ta amsa tambayar da ba tata ba. Da likita ya fito ya ce an ji bugun zuciyar ɗan, sai na yi hamdala. Ya ce ba zai rantse cewa tsallen ne kaɗai ya jawo ba, amma da irin yadda jininta ya hau, ba mai hankalin da zai miƙa mata igiya.

Madam ta dawo, ta ɗauko takardar, ta tambaye ni a wane hannu na auna ta. Na ce hagu. Sai ta kunna na'urar awon jinin ta juyo mini da ita. Ashe tana ajiye duk awon da aka yi, kuma ranar Asabar ɗin nan babu ko ɗaya. Ba ta kore ni ba. Ta karɓe ajina, ta sa na kwashe kayan da ke ƙaramin sito na sa kujeru biyu. Ta ce daga yau a nan zan riƙa karɓar baƙi, mace ɗaya, ƙofa a rufe, 'yar rakiya ta jira a waje ko da uwarta ce. Yanzu ba na tambayar mace ko tana da ciki. Nakan ce ko tana zuwa awo, ko akwai katin da take so in gani, sannan in yi shiru. Shirun nan ya fi ɗaga ƙarfe wuya a wurina, amma a cikinsa ne mata ke buɗe jaka.

Malamar ta yi watanni a kwance, ta rasa kusan shekarar karatu guda. Ta haifi mace, bakwaini, kuma Allah Ya raya ta, yanzu har tana tafiya. Ga masu irin aikina, ku sani takardar nan ba ado ba ce, kuma shirun mace ba a'a ba ne. Ku kuma masu raka ƙanne da surukai, ku tsaya a waje, kada ku amsa musu. Mai ciki kuma, don Allah ko a kunne ne ki faɗa, kunya ba ta tsayar da jini.

Abu ɗaya ya rage. Har yau baiwar Allahn nan tana ce wa mutane laifinta ne, har naman suna ta aiko mini. Ba ta san lambar da ke takardarta daga kaina na ƙirƙiro ba, ni da Madam kaɗai muka sani. Asabar mai zuwa zan shiga Yola da takardar a jakata. Zan roƙi Adda ta jira a tsakar gida, in rufe ƙofa, in faɗa wa malamar da bakina.