Sojojin Yesenia Ba Su da Idanu

Don Anselmo Huamán tsohon direban bas ne a Lima, babban birnin Peru, kuma tun yana saurayi yake fentin 'yan sojojin roba masu tsawon rabin yatsa, waɗanda ake wasan yaƙi da su a kan tebur. Mutum ne mai zargi. Ko burodi aka miƙa masa sai ya juya ya duba ƙasansa. Soja guda kan ci masa mako, don sai ya ɗiga masa ƙwayar ido da bakin allura.

A shagon da masu wasan suke taruwa ranar Asabar, doka ita ce ba mai shiga gasar shekara sai da rundunar da ya fenta da hannunsa. Gasa ta matso, rabin tasa rundunar na nan fari fat, ga ido ya fara ba shi kunya. Abin yana cin sa, bai dai gaya wa kowa ba.

Sai ga Yesenia, wata ma'aikaciyar jinya da ta fara zuwa kwanan nan. Wancan makon sojojinta tsirara suke, ba fenti, wannan makon ta zube su kaf da launi. Don Anselmo ya ɗauki ɗaya, ya juya, ya sansana.

"'Yata, wa ya yi miki aikin nan?"

"Ni mana, Baba."

"Ke da wa? Warin shagon kafinta nake ji. Saye kika yi, ki faɗi gaskiya."

Yesenia ba ta yi musu ba. Ta ciro gwangwanin vanish, ruwan da ake shafa wa katako ya yi ƙyalli, daga jaka, ta sa filaya ta kama wani soja da ta riga ta shafa wa launi sama-sama, ta tsoma shi, ta yarfe. Ruwan ya gangara cikin lungunan riga da sulke, inuwa ta fito da kanta.

"Wannan ai ha'inci ne," in ji shi. "Ina idanunsa?"

"Baba, a tsaye ake wasa, wa zai hango ido daga sama? Kawo naka guda."

Ya ba ta kyaftin ɗinsa, wanda ya fi ji da shi. Ta saka shi tsakiyar nata, ta cakuɗa su.

"To tashi ka nuna min shi."

Ya miƙe, ya gyara tabarau, ya bi layi ɗaya bayan ɗaya. Ya sake bi. Can ya miƙa yatsa ya dafa wani, sai ga yatsan ya dawo da danshin vanish na sojan da ta tsoma yanzun nan.