Furen da Aka Raɗa wa Sunan Muriel

Duk shekara, da sanyi ya fara sassautawa, Winifred Tapley takan je lambun babban gidan ƙauyensu kallon fararen furannin nan masu sunkuyar da kai, waɗanda sai an durƙusa ake ganin cikinsu. Bana ta tarar an raɗa wa wani sabon iri sunan maƙwabciyarta Muriel, wai a bayan gidanta ya tsiro. Winifred kuwa ta tsufa tana renon nata furannin, ba wanda ya taɓa tankawa.

“Durƙusa mana, ƙawata, ki ga koren cikinsa,” in ji Muriel tana washe baki.

“Ni a coci kaɗai nake durƙusawa.”

Sai da Muriel ta tafi shan shayi Winifred ta waiwaiga, ta kai gwiwa ƙasa. Abin haushi, furen ya yi kyau.