Yadda Na Tsallako da Kwamfutar Mushe

Ana idar da sallar asuba muka bar Katsina, ni da yayana. Ba don ya ga amfanin tafiyar ya biyo ni ba, Inna ce ta ce ba zan tafi ni kaɗai ba. Masu bibiyata a intanet sun san cutata: tara tsofaffin kwamfutoci, irin na shekarun tamanin da ake jonawa da talabijin. Ina da tara a ɗaki, ta goma ce ta fitar da ni. Wata ƙawata da ke aure a Maraɗi ta turo mini hoton wadda ta gani a gidan maƙwabcinsu, tsohon malamin makaranta. Da na ga madannanta na roba ne masu laushi, sai da na miƙe tsaye. Fitowar farko ce. Daga baya kamfanin ya koma yin masu tauri, masu laushin suka yi wuyar gani. Ƙawar tawa ta ce 'yan gwangwan sun riga sun taya, a kilo.

Dangi sun yi ta kira. Wai hanyar Jibiya ba tabbas, wai malamar makaranta da hankalinta za ta tafi wata ƙasa neman bola. Na saurari kowa, na yi addu'a, na ɗauki jakata.

Kuɗin mota ya kusa ninka yadda na sani. Mu huɗu a baya, biyu a gaba, ga buhun barkono a but da ya sa mu atishawa har Jibiya. Gero ya yi kai a bakin hanya, amma can ciki akwai gonakin da ciyawa ta cinye, kuma duk inda muka wuce irinsu sai hira ta mutu a motar. A Jibiya muka karya da ƙosai da kunun tsamiya, na canji kuɗi. Na miƙa naira dami guda, aka ba ni 'yan takardun sefa da ba su cika tafin hannu ba.

Muka tsallaka ta Magama, muka wuce Ɗan Isa, kafin azahar muna Maraɗi. Can malamin boko mushe ake ce masa, kuma da ƙyar yayana ya haɗiye dariya da ya ji ana kiran dattijo mai rai da haka. Mushen ya fito da kwamfutar daga akwatin ƙarfe, naɗe cikin zanen marigayiya matarsa. Ya ce da ita ya koya wa yara lissafi shekara da shekaru, kuma ko sau ɗaya ba a taɓa buɗe cikinta ba. Ya nuna mini 'yar takardar hatimin kamfani a kan noti, tana nan yadda aka liƙa ta. Bai ja ciniki ba, abin da zan yi da ita kawai ya tambaya. Na ce ɗalibaina za su gan ta. Sai ya haɗa mini da ƙaramar talabijin ɗinta. Ban kunna ba, don na'urar da ta yi shekara talatin tana barci sai an bincika ta a hankali, in ba haka ba wani abu ya ƙone. Muka ci dambun zogale da ƙuli, muka juyo.

Mun shigo Najeriya lafiya, sai a wani shinge aka sauke kwalin da muka sa kayan a ciki. Wani jami'i ya jijjiga kwamfutar a kunnensa, ya ce a zamanin nan komai ana iya ɓoyewa a cikin komai, ya aika a kawo masa sukundireba. Ban ga laifinsa ba, aikinsa yake yi. Amma robar jikinta ta tsufa kamar ɓawon ƙwai, kuma hatimin nan in ya yage ya yage ke nan. Yayana ya raɗa mini in bar shi ya buɗe mu tafi. Direba ya fara hon, fasinjoji suna gunaguni.

"Ranka ya daɗe, ba za a buɗe ta ba," na ce. "In ka so ka riƙe ni nan har gobe. Amma in za a sami wuta, zan kunna maka ita ka gani da idonka."

Na ce wa direba ya tafi. Ya tafi kuwa, da kuɗinmu. Yayana ya tsaya, fuska a murtuke.

Akwai rumfar mai cajin waya a gefen titi, janareto na ta ruri. Nan na jona wayoyi, ina sane da cewa abin da nake gudu tun Maraɗi shi zan yi. Na danna. Talabijin ta yi shuu, babu komai. Mutane suka taru, wani ya ce ai gawa ba ta tashi. Sai ga allon ya yi shuɗi, rubutun Faransanci ya fito.

Jami'in ya sunkuya, ya taɓa madanni da yatsa ɗaya, harafi ya bayyana. Ya shiga rubuta sunansa, ya rasa inda A take, don Faransawa sun kai ta mazaunin Q. Ya kira abokin aikinsa ya zo ya gani. Ana cikin haka na ji ƙauri, na fizge wayar. Shi da kansa ya taya ni ɗaure kwalin, ya ce, "Je ki, Hajiya. Kin fi ni taurin kai."

Sai da muka sake biyan wata motar, muka shiga Katsina dab da magariba. Washegari na duba: akwatin wutarta na waje ne ya ƙone, abin da zan iya gyarawa. Ita kanta lafiya lau, hatiminta na nan.

Abin da na koyo shi ne, ba wanda zai daraja maka abin da kake so don ka yi magiya. Sai ka yarda mota ta tafi ta bar ka a bakin titi da kwalinka, sannan a tsaya a duba mene ne a ciki.