Majanyin Inna da alkafurar baya

Shekarun baya, lokacin ina karatun zama malamin wasanni a Talata Mafara, aka ce babu mai cin jarrabawar ƙarshe sai ya yi alkafurar baya a gaban malami. Yaran da na girma nesa ba kusa ba suna ta juyawa a iska, ni kuwa da gemuna da komai, da na lanƙwasa gwiwa sai ƙafafuna su ƙi barin ƙasa. Gani nake wuyana zai karye. In na faɗi jarrabawar kuma, sai na maimaita shekara.

Don kada 'yan ajinmu su ci gaba da yi mini dariya, na gudu gida Maradun da hutu, na ja wani abokina muka koma bayan gida inda aka tara harawar gyaɗa. Shi zai tare mini baya da hannu, ni in juya in sauka a kan harawa. Muka yi ta fama. Duk sanda ya ce "tashi", sai in tsuguna kawai kamar mai neman allura. Har ya gaji ya ce, "Wallahi akuya ta hi ka zuciya."

Ashe mahaifiyata tana kallonmu ta danga. Sai ga ta da wani tsohon majanyi. Ba ta tambaye ni ba ta zagaya mini shi a ƙugu, ta miƙa wa abokina gefe ɗaya, ta naɗe ɗayan a hannunta. Kafin in ankara matan maƙwabta sun leƙo, ana ta ƙus-ƙus. Kunya ta rufe ni, ƙato da ni a cikin majanyi.

Na ce, "Inna, don Allah ki koma ciki, mutane na kallo."

Ta ce, "Majanyin ga da shi nig goye ka. Bai taɓa yasshe ka ƙasa ba, yau za ya hwara? Tashi, tuwona na bisa wuta."

Ban san yadda aka yi ba. Na dai ga sama, na ga danga a kife, sai ga ni a durƙushe cikin harawa, wuyana lafiya lau. Matan suka kwashe da guɗa sai ka ce an yi haihuwa. Kafin hutu ya ƙare na iya babu majanyi, da na koma makaranta jarrabawa ma na ci.

Sunan da aka laƙaba mini a unguwa dai ya bi ni, har gobe ɗan goye suke ce mini. Amma ba shi ne ke ba ni kunya ba yanzu. Sai bayan an daɗe ƙanwata ta gaya mini Inna ta jima tana gasa kafaɗarta da ruwan zafi, don a ranar nauyina gaba ɗaya a hannunta ya sauka. Ni ina can ina jin kunyar a gan ni da ita, ita kuwa ko sau ɗaya ba ta ce mini ta ji ciwo ba.